Yaya Bashar, na buɗe littafin duniyoyinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Bashar.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Shekara biyu ke nan da muka rasa ka. Na rubuta ne don akwai abin da na yi da kayanka, kuma bai kamata ka zama na ƙarshen ji ba.

Ka tuna Asabar ɗinmu a gidan Inna, a Argungu? Da la'asar za ka iso daga Birnin Kebbi, ƙurar injin shinkafa a gashin girarka, abokin aikinka Ishaya na Gesse a bayan babur. Mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaro, ka fito da littafin nan mai baƙin bango da ƙwayar ludo. Kai ke ba da labari, mu kuwa matafiya ne cikin kumbon sararin samaniya, muna sauka duniyoyin da ka ƙirƙira. Ka zayyana mana wuri, sai ka ɗaga kai ka ce, "To, mi za ku yi?"

Babu dodo ko ɗaya a duniyoyinka. Iska ce abokiyar gaba. A duniyar Tanderu tana narkar da takalmi. A wata kuma ruwan samanta na cin ƙarfe. Wadda na fi tsoro ita ce Lumshi, mai iska mai ƙamshin turare, wanda ya shaƙa sai ya zauna ya huta, ba ya sake tashi.

Kowa kakan ba shi wake goma, su ne numfashinsa. Tafiya wake ɗaya, gudu biyu, ko magana sai ka karɓe ɗaya. Wata rana na fusata na ce wannan doka zalunci ce, wa ke biyan numfashi don ya yi magana? Ka yi dariya ka ce, "Haka shi ke, Hauwa. Ku dai ba ku taɓa ƙidayawa ba." Na girma ina jin ƙirjinka na kuka da huka, amma wallahi sai bayan ka tafi na gane abin da kake nufi.

Asabar ta ƙarshe muna Lumshi. Takunkumin iskar mutumin Ishaya na cikin wasan ya tsage, ya faɗi nesa da kumbo, ni kuma wake huɗu suka rage mini. Tari ya taso maka, ka rufe littafin ka ce sai mako mai zuwa. Ranar Laraba aka yi jana'izarka.

Na saka littafin a ƙasan akwati, ban ƙara taɓa shi ba. Ko da Ishaya ya zo yi wa Inna barka da Sallah ya ce, cikin raha, har yau mutuminsa na kwance can, sai na tashi na shige ɗaki.

Yaya, ɗiyata Nana ta gado ka. Shekararta takwas yanzu. Da damina likita ya ce huka ce, ya ba ta abin shaƙa. Ta ƙi zuwa da shi makaranta don yara na yi mata dariya. Sau biyu ana kira na in ɗauko ta tana fizgar numfashi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabanta, ba ta canza ba.

Sai na buɗe akwatin. Na zata ka rubuta yadda za mu kuɓuta daga Lumshi. Ba ka rubuta ba. Shafin fari ne fes.

Asabar da ta wuce na kira Ishaya, muka haɗu gidan Inna. Na zauna a wurinka. Na rikita sunayen duwatsu, Ishaya na gyara mini. Na sa Nana cikin wasan, na ce ita ce matuƙiyar da ta rage a kumbo, kuma babu matafiyin da ke sauka ba tare da tukunyar iskarsa ba. Ta dube ni, ta ruga ɗaki ta ɗauko abin shaƙarta, ta ajiye kusa da wakenta. Saura mata wake ɗaya ta iso kumbo tana jan mutumin Ishaya. Ishaya ya cire hula ya rufe fuska.

Ranar Litinin da kanta ta saka abin a jakar makaranta. Ban ce ta daina jin kunya ba, amma ta tafi da shi, jiya ma haka.

Akwai duniyoyi bakwai da ka sa wa suna ba ka cika ba. Zan cika su, ko da ba su kai naka kyau ba. Masu cewa matar aure ba ta da aikin yi sai wasan wake, su faɗa. Kowace Asabar ina hanyar Argungu.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba Nana lafiya da tsawon kwana, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Ƙanwarka har kullum,
Hauwa'u,
Nasarawa, Birnin Kebbi.